Yumɓu a Kan Fistin

Shekara ashirin da huɗu na yi ina kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane a garejin Baba, amma ranar da ƙanina ya dawo daga karatu da kwamfuta a jaka, sai na wayi gari na zama mai miƙo sifana. Ba wanda ya faɗa mini haka da baki. Baba ne dai ya sa aka janye bencina daga gindin taga, inda haske ya fi kyau, aka kafa wa auta tebur da kujera mai juyawa. Ni kuma aka tura ni lungu, kusa da durom ɗin baƙin mai. Tun daga ranar nake kiransa Injiniya, shi kuma yana amsawa da murmushi, don bai taɓa gane ba yabo ba ne.

Mu biyu ne maza a wurin Baba. Ni aka cire daga makaranta lokacin da aiki ya yi masa yawa, auta kuwa aka bar shi ya yi ta karatu har ya gaji don kansa. Ban ce mugu ne ba. Da mugun ne da na ji sauƙi. Mutum ne mai fara'a, yana gaishe ni da ladabi, yana kawo wa 'ya'yana tsaraba, yana kuma gyara mini magana a gaban masu mota ba tare da ya ma san ya yi ba.

Shekara biyu kafin dawowarsa ciwo ya taɓa Baba. Hannun dama ya daina riƙe komai, harshe ya yi nauyi. Duk da haka kullum da safe sai an kawo shi gareji, ya zauna a bakin ƙofa kan wata tsohuwar kujerar bas da muka cire tun ina saurayi. Daga nan yake sauraron motocin da ke shigowa. Kafin mai mota ya buɗe baki, Baba ya riga ya faɗi ciwonta.

A cikin kabad ɗin ƙarfe na bayan gareji akwai abin da Baba ya fi ƙauna bayan 'ya'yansa, wani lokaci ma nakan ce har da 'ya'yan. Kan inji ne, wanda mu bakanikai muke ce wa top, naɗe a bargo. Shekara goma sha tara da suka wuce ya cire shi daga wata ƙaramar mota mai saurin juyi, ya shafe wata takwas yana sassaƙe hanyoyin iskar da ke cikinsa da hannu, da 'yar ƙaramar na'urar guga da takardar yashi naɗe a yatsa. Idan ka zura yatsa a ramukan nan, santsinsu sai ka rantse ba ƙarfe ba ne. Burinsa ya ɗora shi a kan gangar wani injin da ya fi shi girma, wato haɗin gambiza: ƙirjin wani, kan wani. Kuma ba turbo, na'urar nan da ke tura wa inji iska da ƙarfi.

"Mai turbo ɗura ake yi masa," haka yakan ce lokacin da bakinsa ke da lafiya. "Nawa da hancinsa zai shaƙi iska, kuma ya wuce su."

Bai samu ya ƙarasa ba. Rashin lafiyar mahaifiyarmu ya shigo, karatun auta ya shigo, daga baya hannun da ya yi sassaƙar ya mutu. Top irin wannan ba a sayensa a kasuwa, kuma wanda ya yi shi ba zai sake yin wani ba.

Sati guda da dawowar Injiniya, ya buɗe kabad ɗin, ya yaye bargon, ya ce, "Baba, me zai hana mu tashi wannan injin ka ji kukansa da kunnenka?"

Baba ya dube shi har idonsa ya kawo ruwa. Ni kuwa ina lungu ina wanke kabureta, na ji kamar an watsa mini fetur a ciki. Shekara nawa na yi ina juya wannan maganar a raina, ina jiran ranar da zan sami sarari in faɗa? Shi ya zo a sati ɗaya ya faɗe ta, ya kwashe hawayen.

Zaɓen kaya ya ci mana wata uku. Akwai wani mai kayan gyara a bayan tashar manyan motoci da kowa ke kira Akwai, saboda ko ƙahon jirgin sama ka tambaye shi, "akwai" zai ce, sannan ya ɓace cikin rumbunsa ya fito da wani abu dabam. Can muka je neman gangar inji. Ya jera mana guda biyar a ƙasa. Injiniya ya tsuguna yana duba lambobin da aka buga a jikinsu yana gwada su da jerin da ke wayarsa, ya nuna wata mai sheƙi ya ce ita ce. Ni na zura farce a cikin silindarta na ji kwari a sama, na ƙwanƙwasa gefenta da sifana na ji ta amsa a dakushe.

"Wannan ta taɓa tafasa," na ce. "Ɗauki waccan mai dattin."

"Yaya, ai lambar wannan ta fi."

"Lamba ba ta tafasa. Ƙarfe ke tafasa."

Akwai ya yi dariya ya ce wa Injiniya ya bi maganar yayansa. Muka ɗauki mai dattin, aka wanke ta, ta fito tas ba tsaga ba kwari. Da muka dawo, Baba ya shafa ta da hannun hagu ya ce, "Auta, ka iya zaɓe." Injiniya ya ce, "Ai Yaya ne ya gano ta," amma a lokacin wata tirela na wucewa, kuma Baba ya riga ya juya kai.

Haka aka yi ta yi. Sandunan fistin, ni na auna su ɗaya bayan ɗaya a sikeli har na haɗa huɗu masu nauyi ɗaya. Sifirin ɗin bawul, wato ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi, ni na mayar wa Akwai kashi biyu saboda sun yi laushi. Shi kuma Injiniya, gaskiya ɗaya ce, ya san abin da ban sani ba. Shi ya lissafa tsawon bututun shan iska, shi ya zaɓi kamshaf mai buɗe bawul sosai ya kuma daɗe bai rufe ba, ya bayyana mana dalili har na gane. Ina jin haushinsa ina kuma koyo, abin da ya ƙara mini haushin ke nan.

Rigimar ta zo a kan fistin. Wata safiya Injiniya ya ajiye guda biyu a kan tsumma a gaban Baba. Ɗaya mai shafaffen kai, ɗaya mai tozo. Injin da ba shi da turbo, ƙarfinsa daga abu biyu yake fitowa: yawan iskar da ya shaƙa, da yadda ya matse ta kafin wuta ta kama. Mai tozo ya fi matsewa. Amma tozon nan yana hawa har ya kusa sumbatar bawul, kuma da kamshaf irin wanda muka zaɓa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa. Idan suka haɗu a guje, an gama.

"Baba, an taɓa rage fuskar top ɗin nan?" Injiniya ya tambaya, yatsunsa a kan kwamfuta.

"Sau ɗaya," in ji Baba a hankali. Ya faɗi adadin abin da ya cire, bai manta ko ɗigo ba.

Injiniya ya shigar, ya juyo da allon. Ga hoton fistin yana hawa yana sauka, ga bawul na leƙowa yana komawa, ba sa taɓa juna. Baba ya saki baki yana kallo.

Sau biyu ne, ba sau ɗaya ba. Ni kaɗai na san haka a duniya, sai mai injin gugar ƙarfe na ƙetaren gada. Shekara bakwai da suka wuce kwanon rufi ya yi yoyo daidai kan kabad ɗin, bargon ya jiƙe ya kwana watanni a haka ba wanda ya lura. Ranar da na buɗe, na tarar ruwa ya ci fuskar top ɗin, duk ta yi ƙananan ramuka. Na san idan Baba ya gani zai kwanta ciwo. Na ɗauke shi a ɓoye na kai aka goge fuskar har sai da ramukan suka ɓace, kuma ba kaɗan aka ci ba. Na sayo bargo mai launin tsohon, na naɗe, na mayar, na hau na toshe yoyon. Ban faɗa wa kowa ba. A lokacin don ƙauna na yi shiru.

Yanzu ga lissafin Injiniya ya tsaya a kan top ɗin da ya fi na gaskiya kauri. Na goge hannu na matso.

"Ni dai da an ɗauki mai shafaffen kan," na ce. "In kuma sai mai tozon, to a sa yumɓu tukuna."

Yumɓu shi ne aikin Baba tun kafin a haife mu. Yana da wani tsohon gwangwanin madara cike da yumɓun da aka kwaɓa da ɗan mai don kada ya bushe da wuri. Duk injin da aka sauya wa fistin ko kamshaf, sai an manna yumɓu a kan fistin, a ɗaure top, a juya injin da hannu zagaye biyu, a sake kwancewa. Bawul zai bar sawunsa a jiki. Sai a yanka da wuƙa a duba kaurin da ya rage. Ma'aunin Baba bakin zarto uku ne a haɗe. Idan yumɓun bai kai kaurinsu ba, ba a tashin injin. Kuma yankan nan ba a murƙushe shi, a cikin murfin gwangwanin ake manna shi, sai motar ta ci hanya ta dawo lafiya. Na sha ranƙwashi a kan wannan tun ina ɗan shekara sha biyar.

Injiniya ya yi dariya, ba ta raini ba, irin wadda ake yi wa tsoho idan ya ba da labarin da. "Haba Yaya, yumɓu kuma? Wannan na'urar tana ganin abin da ya fi gashin kai siranta. Kwana guda za mu ɓata a ɗaura a kwance."

Na buɗe baki zan faɗi maganar yoyon. Wallahi na buɗe. Sai Baba ya ɗaga hannun hagu, bai ko dube ni ba.

"Babba, bar shi. Shi ya karanta."

Na rufe bakina. Na koma lunguna na ci gaba da wanke abin da na riga na wanke.

Aka yi odar masu tozo guda huɗu. Da suka iso, ɗaurin inji ya dawo hannuna, don Injiniya ya iya lissafin noti amma bai san lokacin da noti ke cewa ya isa ba. Ranar da zan ɗora top, ƙanwata ta kai Baba asibiti ganin likita, Injiniya kuma ya tafi karɓo bututun salansa wurin mai walda. Gareji ya rage daga ni sai rediyo. Na tsaya ina kallon fistin huɗun nan suna sheƙi a cikin ramukansu. Ban ma yi shawara da kaina ba, na ga hannuna ya riga ya sauko da gwangwanin.

Na manna, na ɗaura, na juya zagaye biyu. Injin ya juya sumul, ba inda ya cije. Na kwance, na ɗaga yumɓun, na yanka. Sawun bawul ya nutse kamar rabin wata, kuma a ƙasan sawun abin da ya rage bai kai kaurin bakin zarto ɗaya ba. Na ɗaga shi a haske, rana tana ratsa shi.

Na san ma'anar wannan. A tsaye zai yi aiki, a tafiyar gari ma zai yi. Amma ranar da aka taka shi ya kai ƙarshen juyinsa, ƙarfe ya yi zafi ya miƙe, bawul ya makara da ƙiftawar ido wajen komawa, fistin zai same shi a hanya. Na goge kan fistin tas, na zauna a kan taya ina jiran su dawo in faɗa. Har na shirya yadda zan fara.

Motar ƙanwata ce ta fara isowa, sai ga Injiniya da bututu a kafaɗa, Akwai na biye da shi, ya zo ganin inda kayansa suka kwana. Aka zaunar da Baba. Akwai ya leƙa injin ya yi fito.

"Tsoho, wannan ai ba inji ba ne, amarya ce. Wa ya haɗa maka?"

"Auta," in ji Baba, fuskarsa duk haske. "Auta ne. Babba na taya shi."

Babba na taya shi. Hannuwana a lokacin baƙi ƙirin har gwiwar hannu, farcena biyu a fashe, shi kuwa rigarsa fara ko ɗigon mai babu. Na ji maganar da na shirya ta koma ciki ta zauna. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, ba mantawa na yi ba, ba kuma tsoro ba ne. So na yi ya kunyata a gaban Baba. Na ce a raina bawul ɗaya ko biyu za su lanƙwashe, injin ya yi tari ya mutu, kwamfuta ta yi tsit, sannan a juyo a nemi mai yumɓu. Bawul ai ana sauyawa. Haka na lallashi kaina, na tashi na ɗora top ɗin Baba na ɗaure shi da hannuna, noti bayan noti, yadda ya koya mini.

Kwana goma sha biyu tsakanin ranar da ranar gwaji. Maiɗakina ta lura ina tashi daga kan abinci ban ci rabi ba.

"Baban yara, ko kai da autan ne kuma?"

"Aiki ne ya yi yawa."

"Aiki bai taɓa hana ka cin abinci ba," ta ce, ta kwashe kwanukan.

Muka saka injin a wata tsohuwar ƙaramar mota da muka fige ta, ba kujerar baya ba kafet. Ranar da aka fara tashinsa a gareji, bugu ɗaya ya kama. Ya yi wani gurnani mai kauri, yana ɗan rawa a tsaye irin na inji mai babban kamshaf, gilashin taga na amsawa. Maƙwabta suka taru a ƙofa. Injiniya ya rungume ni a gaban kowa, da maiƙon jikina da komai.

"Yaya, hannunka ne wannan. Ni takarda kawai na riƙe."

A nan ma da na faɗa da an tsira. Amma yanzu in na ce tazara ba ta isa ba, sai an tambaye ni yaushe na sani, kuma me ya sa na ɗaure. Na ce masa, "Allah dai ya sa a gama lafiya," na zame jikina na shiga wanke hannu.

A bayan gari akwai tsohon filin saukar jirage da aka daina amfani da shi, inda masu son gudu ke haɗuwa ranar Asabar da safe. Can muka je. Muka ɗauko kujerar bas ɗin Baba a bayan akori-kura muka kafa masa a gefen kwalta. Masu turbo suna ta zuwa suna leƙa injinmu suna tambaya ina katantanwar turbonmu take, Injiniya na ce musu wannan da hancinsa yake numfashi. Baba na jin haka yana gyaɗa kai.

Injiniya ya sa hular kwano ya shiga. Zagayen farko a hankali ya yi, na biyu ya ɗan taka. Na tsaya kusa da Baba. A na uku ya tsaya can ƙarshen fili, ya juyo, ya sake ta.

Ban taɓa jin kuka irin wannan ba, kuma ba na jin zan sake ji. Ya fara da gurnani, ya hau, ya hau, ya koma wata tsattsarkar ƙara siririya mai shiga ƙashi. Masu turbo suka daina surutu. Baba, wanda shekara biyu sai an ɗaga shi, ya dafa kafaɗata ya miƙe da kansa. Ina jin yatsunsa suna nutsewa a namana. Bakinsa na motsi, yana cewa, "Ka ji shi? Babba, ka ji shi?" Motar ta wuce mu a giya ta uku, ya sa ta huɗu, ƙarar ta sake hawa.

Sai wani ƙas, sannan kwaram-kwaram kamar an zuba notuna a tukunya ana girgizawa. Farin hayaƙi ya turnuƙe bayanta. Ta gangara ita kaɗai har ta tsaya a cikin ciyawa. Sai da na ga ƙofa ta buɗe ƙanina ya fito da ƙafarsa sannan na tuna cewa akwai mutum a ciki, kuma duk kwanakin nan goma sha biyu ban taɓa sa shi a lissafina ba. Baba ya saki kafaɗata ya zauna.

Muka jawo ta gareji da igiya. Da azahar na kwance top ɗin. Ba lanƙwasa bawul ya yi ba, kansa ne ya tsinke ya faɗa cikin silinda ta uku, fistin ya yi ta dukansa a jikin top sau ɗari nawa kafin injin ya tsaya. Wurin ya zama kamar an tauna. Tsaga ta ratsa tun daga mazaunin bawul har cikin hanyar iskar da Baba ya sassaƙa, ta ɓalle wani yanki ya faɗo a tafin hannuna. Ko wane mai walda ka kai wa, zai ce ka yi haƙuri.

Na ɗauka na ajiye a gaban Baba. Ya zura yatsa a ramin da ya rage lafiya, ya zagaya shi a hankali, ya fitar. Injiniya ya durƙusa a ƙasa cikin baƙin mai da farar rigarsa, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Baba, ka yafe mini. Lissafina ne. Yaya ya ce a sa yumɓu na ƙi ji."

Ga abin da na nema, an kawo mini har gabana. Na tsaya ina jiran daɗin ya zo, bai zo ba.

"Tashi," in ji Baba. "Sauran fistin ukun suna nan. Miƙo gwangwani, ka ga yadda ake yi, ko don gaba."

Injiniya ya sauko da shi daga kan kabad. Baba ya matse shi tsakanin gwiwoyinsa ya ɓalle murfin da hannun hagu. Sai ya tsaya.

Yankan yana nan manne a cikin murfin. Ban san lokacin da na manna shi ba. Hannun da aka yi wa ranƙwashi shekara da shekaru ya yi abin da aka koya masa, ni kuma hankalina na can wurin maganar da zan faɗa. Ya ɗan bushe, amma ga sawun bawul kamar rabin wata, ga gurbin tozon sabon fistin a ƙasansa, fistin da bai taɓa shiga wani inji a garejin nan ba sai wannan. Baba ya ɓamɓare shi da farce ya ɗaga a haske. Bai nemi bakin zarto ba.

"Auta," ya ce, "je ka wanke fuskarka. Ka sayo mini ruwan sanyi a kanti."

Muka saura mu biyu. Ya ɗago daga kan yumɓun ya dube ni.

"Yaushe?"

"Ranar asibiti."

"Ka gani. Ka ɗaure."

Sai bakina ya ɓalle. Na faɗa masa maganar yoyo da gugar da aka yi a ƙetaren gada. Na faɗa masa maganar benci, da makarantar da aka cire ni, da gangar injin da na zaɓa aka yaba wa wani, da "Babba na taya shi". Ya bar ni har na ƙare.

"Na ga bargon," ya ce. Kalmomin na fitowa ɗaya-ɗaya, da ƙyar. "Tun shekarar. Nawa yana da ƙuna a gefe. Na ce, Babba na kula mini da shi. Ban tambaya ba."

Ya numfasa.

"Da na ce bar shi, na san ba za ka bari ba. Shi ya karanta. Kai ka iya. In ba don kai ne mai ɗaurawa ba, da ban ba da top ɗina ba."

Shekara ashirin da huɗu ina jiran wannan maganar, sai ranar ta zo, a kan gawar abin da na kashe.

Muka ji takun Injiniya. Baba ya dunƙule hannu, yumɓun ya ruguje, ya zuba garin a aljihun rigarsa. Ya karɓi ruwan ya kurɓa.

"Auta, ba lissafinka ba ne," ya ce. "Na tuna. Sau biyu na rage shi. Tsufa ne."

Washegari ba a kawo Baba gareji ba, jibi ma haka. Ya ce ƙarar inji na sa masa ciwon kai. Kujerar bas ɗin tana nan a bakin ƙofa, masu jiran gyara ke zama a kai. Kullum da yamma ina biyawa in gaishe shi, yana amsawa, yana tambayar yara da mahaifiyarsu. Bai sake tambayata aiki ba ko sau ɗaya.

Injiniya da kansa ya janye teburinsa, ya kinkimo bencina ya mayar gindin taga, ya ce nan ne wurina. Yanzu ba ya ɗaure inji sai ya sa yumɓu, kuma duk wanda ya tambayi labarin top ɗin da ke naɗe a kabad, sai ya nuna ni ya ce, "Yayana ya faɗa mini, ni ne ban ji ba." Mutane su juyo su dube ni da girmamawa. Ni kuma in sunkuyar da kai in ci gaba da aiki, ga haske ya wadata a kan bencin, ina ganin komai sarai.